Kimiyyar Haske da Fotonik: Muhimman Kalmomi

Kimiyyar haske reshe ce ta fizik da ke nazarin yadda haske ke tafiya da abin da ke faruwa idan ya gamu da gilashi, ruwa, madubi ko ido. Fotonik ƙanwarta ce: fasahar samar da haske da sarrafa shi don a aika saƙo, a yanka ƙarfe ko a yi aikin ido. Sunan ya fito daga foton, ƙwayar haske mafi ƙanƙanta. Yawancin kalmomin fannin ba su da tsayayyar Hausa guda, shi ya sa Hausawan Legas da ke sayar da tabarau, fitilu da kayan waya a Agege, Alaba da kasuwar kwamfuta ta Ikeja suke haɗa aro da kwatance.

Asali

Hasan ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ne ya tabbatar da gwaji cewa gani na samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido, ba ido ke fitar da haske ba. Ya rubuta hakan a Kitab al-Manazir. Daga baya Isaac Newton na Ingila ya nuna farin haske haɗakar launuka ce, Albert Einstein kuma a 1905 ya ce haske na zuwa ne ƙwaya-ƙwaya. Kalmar foton ta yaɗu daga 1926.

Zango da launi

Mai sauraron rediyo ya san gajeren zango da matsakaicin zango. Haske da igiyar rediyo dangi ɗaya ne, tsawon zango ne ya raba su. Na rediyo ana ƙirga shi da mita, na haske da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Ido na ganin abin da ke tsakanin kusan nanomita 400, inda shuɗi mai ratsin ja yake, zuwa 700, inda ja yake. Abin da ya zarce ja shi ne infirared, wanda rimot ɗin talabijin ke aiki da shi. Wanda ya gaza 400 shi ne altirabayolet, irin na 'yar fitilar da 'yan canji ke haska takardar kuɗi da ita.

Karyewar haske

Nan ne gindin fannin, wanda ya kama wannan ya kama rabin sauran. A sarari fayau haske na gudun mita 299,792,458 a daƙiƙa, amma da ya shiga ruwa ko gilashi sai gudun ya ragu, idan kuma a karkace ya shiga sai ya sauya hanya. Shi ya sa cokali ke zama kamar karyayye a cikin kofin ruwa. Adadin da ke nuna yawan raguwar shi ne ma'aunin karyewa: na ruwa 1.33, na gilashi wajen 1.5, na daimon 2.42. Ibn Sahl ya bayyana ƙa'idar a Bagadaza wajen 984, duk da cewa littattafan makaranta da sunan Snell na Holan, wanda ya sake gano ta a 1621, suke kiranta. Kawalwalniyar da direba ke hangowa a kan kwalta da tsakar rana daga nan take, domin iska mai zafi da ke dab da titi tana lanƙwasa hasken sama ya zama kamar ruwa. Bakan gizo ma haka ne: kowane launi da yadda ɗigon ruwa ke karya shi.

Gilashin tabarau karyewa ce da aka tsara. Mai tudu a tsakiya yana tara haske wuri ɗaya, mai kwarmi yana baza shi. Ana auna ƙarfinsa da dayofta: gilashin da ke tara haske a nisan mita ɗaya dayofta 1 ne, mai tarawa a rabin mita dayofta 2. Ita ce lambar +1.50 ko +2.00 da ake gani a jikin tabaran karatu da ake bazawa a tebur a bakin kasuwa, wanda mutane ke fara nema idan sun haura shekara 40. Lamba mai alamar ragi ta wanda ba ya ganin nesa ce. Tabaran tebur na iya warware matsalar karatu, amma ba ya maganin yanar ido ko hawan jinin ido, waɗannan sai asibiti.

Leza

Hasken ƙwan fitila yana watsuwa ko'ina da zanguna barkatai. Na leza zangonsa kusan ɗaya ne, igiyoyinsa na tafiya kafaɗa da kafaɗa, don haka ana iya matse shi a ɗigo ƙarami. Theodore Maiman ya kunna ta farko a Amurka ranar 16 ga Mayu 1960 da dutsen yaƙutu, kuma ranar ce UNESCO ta ware a matsayin Ranar Haske ta Duniya. Ko ƙaramar leza ta wasan yara tana iya lahanta ido idan aka ƙura mata.

Faiba da igiyoyin teku

Idan haske yana cikin gilashi ya bugi iyakarsa a kwance sosai, ba ya fita, gaba ɗaya yake komawa ciki. Tsakanin gilashi da iska hakan na farawa daga wajen digiri 42. A kan wannan aka gina faiba: zaren gilashi mai ɗaukar saƙo da haske, mai kaurin maikuron 125 (maikuron kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita), kusa da silin gashi, da cibiya mai kaurin maikuron 9 kacal inda hasken ke bi, kewaye da riga wadda ma'aunin karyewarta ya ɗan gaza na cibiyar.

Kalmar da masu haɗa faiba ba sa rabuwa da ita ita ce desibel, ma'aunin hasarar haske. Desibel 3 na nufin rabi ya tafi. A 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna cewa ƙazantar gilashi ce ke cinye hasken, ba ɗabi'ar gilashin ba. Kamfanin Corning ya sauko da hasarar ƙasa da desibel 20 a kilomita a 1970, Kao kuma ya karɓi kyautar Nobel a 2009. Faibar yau na asarar wajen desibel 0.2 a kilomita a zangon nanomita 1550, wato sai an yi kilomita 15 kafin rabi ya ɓace.

Legas ce babbar mashigar igiyoyin faiba da ke bi ta ƙarƙashin teku zuwa Najeriya. MainOne, mai tsawon kusan kilomita 7,000 daga Fotugal, da Glo-1 daga Ingila sun fara aiki a 2010, Equiano ta Google ta iso a 2022. Tunda haske a gilashi na gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, saƙo na ratsa MainOne cikin kashi 35 cikin dubu na daƙiƙa. An ga amfaninsu ƙarara ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da igiyoyi huɗu suka lalace a tekun Kwaddibuwa, intanet da hada-hadar banki suka yi ta tangal-tangal a Najeriya.

Lumen da wat

A kasuwar fitila ana yawan cakuɗa su. Wat wutar da ƙwai ke sha ne, lumen kuwa hasken da yake bayarwa. Tsohon ƙwai mai zare na wat 60 yana ba da wajen lumen 800, ƙwan LED na wat 9 ko 10 yana ba da daidai wannan. Farin LED ya samu ne bayan Akasaki, Amano da Nakamura sun ƙera shuɗin LED mai ƙarfi, aikin da ya ba su Nobel a 2014. Mai haɗa fitila da batir ko farantin sola, lumen ya kamata ya duba a kwali kafin wat.