Goldorak: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Yariman da Ya Yi Hijira da Ƙaton Mutum-mutuminsa

Yaran Maradi da ke kallon katun a salula ko a tashoshin tauraron ɗan adam sukan ci karo da wani ƙaton mutum-mutumi mai ƙahoni masu launin rawaya, wanda yake fitowa daga cikin jirgi mai siffar faifai domin ya gwabza da mahara daga sararin samaniya. Shirin ya girmi iyayen yawancin yaran da ke kallonsa a yau, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye da malaman makaranta suka fi yi a kansa.

Wane shiri ne wannan, kuma su wane ne suka yi shi?

Shirin zane ne mai motsi na ƙasar Japan, sunansa na asali UFO Robo Grendizer. Mai zane Go Nagai ne ya ƙago shi, kamfanin Toei ya shirya shi, tashar Fuji kuma ta nuna shi daga ranar 5 ga Oktoban 1975 zuwa ranar 27 ga Fabrairun 1977, kashi 74 ke nan. Faransawa ne suka raɗa masa suna Goldorak sa'ad da tashar Antenne 2 ta fara nuna shi a ranar 3 ga Yulin 1978, shi ya sa a ƙasashen da ake karatu da Faransanci, ciki har da Nijar, da wannan suna aka san shi. Larabawa kuwa sun riƙe sunansa na asali.

Labarin me yake ba da shi?

Mutane da yawa suna ɗauka faɗan ƙarafa ne kawai, amma gindin labarin hijira ce. Akwai wata duniya mai zaman lafiya, Euphor a fassarar Faransanci, wadda dakarun Sarki Vega suka far wa da makamai masu guba, suka hallaka jama'arta, suka kashe sarkinta. Ɗan sarkin, wanda ake kira Actarus, ya tsere a cikin ƙaton mutum-mutumin, wanda shi ma Goldorak ne sunansa, ya faɗo ƙasar Japan yana rai kwakwai mutu kwakwai. Wani masanin sararin samaniya, Farfesa Procyon, ya tsince shi, ya yi jinyarsa, ya riƙe shi a matsayin ɗa, ya kuma rufa masa asiri. Yariman ya koma mai kula da dawaki a wata gonar kiwo, yana sharar barga da rana, yana kaɗa jita da daddare, ba abin da yake so irin a bar shi ya manta da yaƙi. Sai dai waɗanda suka rusa ƙasarsa sun kafa sansani a bayan wata, sun kuma sa ido a kan duniyarmu, don haka dole ta sa ya koma cikin injin da ya ɓoye.

Abin da ya bambanta shi da sauran jarumawan irin waɗannan shirye-shirye shi ne ba ya murnar faɗa. A hannunsa akwai wani tsohon rauni na gubar makamin da ya ci ƙasarsa, wanda yake tashi lokaci zuwa lokaci yana barazana ga ransa, kuma a wasu kashi-kashin wanda aka turo ya kashe shi tsohon amininsa ne ko ɗan ƙasarsu da aka juyar wa hankali. An haifi Go Nagai a watan Satumban 1945, wata guda bayan an jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, kuma masu kallo na farko a Japan ba su buƙaci a fassara musu ma'anar ƙasar da guba ta hana a zauna cikinta ba.

A ganina Bamaradi ma ba ya buƙatar doguwar fassara. Garin nan ya samo sarautarsa ne daga gidan sarautar Katsina da ya rasa birninsa a farkon ƙarni na 19, ya kafa sabon mazauni a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, har yau kuma Sarkin Katsina ake ce wa sarkin Maradi. Tun daga 2019 kuma jihar Maradi ta karɓi dubban ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, musamman a yankin Gidan Runji, inda mutanen ƙauyuka suka fara saukar da su a gidajensu. Ɗan sarki da aka raba da ƙasarsa, wanda wani ya ba shi masauki, shi kuma ya tsaya wa mai masaukinsa ranar wuya, labari ne da ke zaune daram a nan. A kashi na ƙarshe, bayan an ga bayan Vega, yariman da ƙanwarsa Phénicia sun yi sallama da waɗanda suka riƙe su, sun koma gina ƙasarsu.

Me ya sa ya fi yin suna a Faransa da ƙasashen Larabawa fiye da Japan?

A Japan shi ne na uku a jerin shirye-shiryen Go Nagai na ƙattin mutum-mutumi, bayan Mazinger Z na 1972 da Great Mazinger na 1974, saboda haka ido ya riga ya saba. A Faransa kuwa yara ba su taɓa ganin irinsa ba, domin yawancin katun ɗin da suka sani na barkwanci ne, inda ake faɗowa daga bene a tashi a kakkaɓe jiki. Kwatsam sai ga shiri wanda ake mutuwa a cikinsa, ake kuka, labarin kuma yana ci gaba daga mako zuwa mako. An saka shi ne a lokacin hutun makaranta, sa'ad da ba a sa ran samun masu kallo da yawa, amma a watan Janairun 1979 hotonsa ya hau bangon mujallar Paris Match. Italiya ta riga Faransa da ƴan watanni, a watan Afrilun 1978, can ma haka yara suka rungume shi.

Labarin Larabawa ya fi taɓa zuciya. A Lebanon aka ɗora masa muryar Larabci, alhali ƙasar tana cikin yaƙin basasar da ya ɓarke a 1975. Jihad al-Atrash ne ya yi muryar yariman, Sami Clark ya rera waƙar buɗe shirin, kuma yaran da suka tashi cikin ƙarar harsashi sun ga kansu a jarumin da aka rusa wa gida. Tasirin bai gushe ba, domin a ƙarshen 2022 an kafa siffarsa mai tsayin fiye da mita 33 a birnin Riyad, sannan a 2024 aka fitar da sabon shiri mai suna Grendizer U, mai kashi 13, wanda kamfanin Manga Productions na Saudiyya ke da hannu a cikinsa.

Don me ake maimaita hoto iri ɗaya a kowane kashi?

Tsimin kuɗi da lokaci ne. A wancan zamani da hannu ake zana kowane hoto a kan wata leda mai garai-garai, a shafa launi ta bayanta, a ɗora ta a kan zanen fili, sannan a ɗauke ta da kyamara. Fim yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, shiri mai tsawon minti ashirin da ɗoriya kuma dole ya fito duk mako, don haka masu zanen Japan suka saba da yin zane takwas ko ƙasa da haka a daƙiƙa, su tsayar da fuska cak baki kaɗai ke motsi, su kuma adana wasu wurare da za a riƙa dawo da su.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne fitar yariman zuwa yaƙi. Yakan ruga ta wani lungu, ya yi tsalle ya faɗa cikin rami, ya kira kalmar rikiɗa kayan yaƙi su bayyana a jikinsa, ya dira a kujerar jirgin, jirgin ya bi hanyar ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo ta wajen madatsar ruwa. In lokacin rabuwa da faifan ya yi, kujerar takan zarce da shi zuwa kan mutum-mutumin, tana yin wani juyi a hanya wanda masu kallo a Faransa suka daɗe suna muhawara a kan amfaninsa. Abin da aka yi don rage aiki shi ya zama abin da yara suka fi jira, domin sun haddace shi, suna kuma kiran sunayen makaman tare da jarumin, irin su Fulguropoing, dunƙulen hannun da ke ballewa ya tashi kamar roka, da Astérohache, gatari mai baki biyu da ake haɗawa daga kafaɗunsa.

Shi da Transformers da Gundam duk abu ɗaya ne?

A'a, ko da yake dangi ne. A Goldorak mutum-mutumin inji ne kawai, matuƙi na zaune a cikin kansa. A Transformers, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1984, injinan su ne baƙin halittun da kansu, sun zo daga duniyar Cybertron, suna rikiɗa su zama mota ko jirgi, kuma kamfanin Hasbro ya yi shirin ne a kan kayan wasan da ya samo daga kamfanin Takara na Japan. Gundam na 1979 kuwa babu baƙin halittu a labarinsa na farko, ɗan adam ne ke yaƙar ɗan adam. Abin da ya haɗa su duka shi ne ciniki, domin masu ƙera kayan wasan yara suna cikin manyan masu ɗaukar nauyin irin waɗannan shirye-shirye, kuma idan aka ga sabon jirgi ya shigo labari a tsakiyar tafiya, yawanci akwai irinsa na roba ko na ƙarfe da ke jiran mai saye a kanti.

Za a iya ƙera mutum-mutumi mai wannan girma ya yi tafiya?

Masu shirin sun ce tsayinsa mita 30, nauyinsa tan 280. Lissafi mai sauƙi yana nuna inda gizo ke saƙa. Idan aka ɗauki mutum mai tsayin mita ɗaya da santimita 75, mai nauyin kilo 70, aka ninka tsayinsa da faɗinsa da kaurinsa sau 17, zai kai kusan mita 30. Nauyinsa zai ninku sau 17 har hawa uku, wato sau 4,913, ya haura tan 340, alhali tafin ƙafarsa da kaurin ƙashinsa za su ninku sau 17 hawa biyu kawai, wato sau 289. Ke nan kowane yanki na ƙafar zai ɗauki nauyi sau 17 fiye da na da. A yashin Gulbin Maradi irin wannan ƙato zai lume tun a takun farko, a kan kwalta kuma gwiwoyinsa da idon sawunsa ne za su fara ba da kai, balle a yi maganar tsalle ko kokawa. Matuƙin da ke zaune a cikin kai, can sama, shi ma zai sha jijjiga a kowane taku, faɗuwa ɗaya kuma ta isa ta gama da shi.

An gwada abin da ya yi kusa da haka. A birnin Yokohama an gina Gundam mai tsayin mita 18 wanda yake ɗaga hannu, ya durƙusa, ya yi kamar yana taku, an buɗe shi a Disamban 2020 aka rufe a Maris na 2024. Amma wani ƙaton ƙarfe ne ke riƙe da ƙugunsa ta baya, motsinsa kuma a hankali yake ƙwarai. Wannan ne ya sa manyan injinan aiki na gaske, irin na haƙar ma'adinai, suke tafiya a kan tayoyi ko sarƙa mai faɗi.

Shin akwai halittu a Vega ɗin da ake faɗa?

Vega tauraro ne na gaske, yana cikin mafiya haske a sama, haskensa kuma yana shafe kusan shekara 25 kafin ya iso gare mu. Masu fassarar Faransanci ma daga taurari suka ɗebo sunayen mutanen shirin, irin su Procyon da Rigel da Alcor da Mizar. Amma sarkin da dakarunsa ƙirƙira ce tsagwaronta. Masana sun tabbatar da duniyoyi fiye da 5,000 da ke kewaya wasu taurari, ba a kuma sami shaidar rai a ko ɗaya daga cikinsu ba. Nisan ma kaɗai ya isa shinge, domin kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977, mai gudun kusan kilomita 17 a daƙiƙa, zai buƙaci fiye da shekara 70,000 kafin ya ci nisan da ke tsakaninmu da tauraro mafi kusa da rana.

Ya dace a bar yara su kalla?

An yi wannan gardama a Faransa tun ana nuna shi, har ƴar siyasar nan Ségolène Royal ta wallafa littafi a 1989 tana sukar tashin hankalin da ke cikin katun ɗin Japan. Gaskiyar magana ita ce kusan kowane kashi yana ƙarewa da faɗa da fashewar abokin gaba, ana ƙona garuruwa, wasu mutane kuma suna mutuwa, ko da yake injina ne suka fi ragargajewa kuma ba a cika nuna jini ba. Yaro ƙarami ƙwarai yana iya tsorata da fuskokin dakarun Vega, musamman kwamandan nan da fuskarsa ke tsagewa biyu wata ƴar mitsitsiyar mace ta leƙo daga ciki. Wanda ya yi nisa a firamare kuwa yakan bi labarin ba wahala, in an faɗa masa tun farko cewa ƙagagge ne.

Shawarata ita ce uba ko uwa su zauna su kalli kashi biyu ko uku tare da yaran kafin su yanke hukunci, su kuma lura da wane shiri ne a gabansu, domin sabon na 2024 ya fi karkata ga matasa da manya fiye da tsohon. Harshe ma abin dubawa ne. Fassarar Faransanci ta 1978 a bayyane take ga ɗan makarantar boko, ta Lebanon kuma da Larabcin littafi aka yi ta, irin wanda ɗalibin Islamiyya zai iya kama kalmominsa da yawa, ba da karin harshen wata ƙasa guda ba.