Kafin ka tura takardar analiz cikin gurup

Salamu alaikum 'yan uwa mutanen Maradi. Ni anfirmiye ne, aikina gidan likita, amma yau maganar salula ta kawo ni.

Shekaranjiya a fadarmu ana shan shayi gardama ta ɓarke kan su Facebook da WhatsApp. Abokinmu mai gyaran salula ya dage shi dai gwamnati ta matse su, ya ce ku dubi Turai, tun 2018 suka kafa doka mai tsanani kan bayanan mutane, har a 2023 ƙasar Ailan ta ci Meta, kamfanin da ke da Facebook da WhatsApp, tarar yuro miliyar 1 da miliyan 200 saboda kwasar bayanan Turawa zuwa Amurka, ga Najeriya nan ƙofar gidanmu ita ma ta yanka musu dalar Amurka miliyan 220 a 2024, to mu mi muke jira? Malamin lakwal da ke gefena ya aje kofi ya ce a'a, bi sannu, wuƙar da ka miƙa wa hukuma don ta yanka kamfani gobe da ita za a yanke maka harshe. Ya tuno mana yadda aka katse intanet nan Nijar a Fabrairun 2021 bayan zaɓe, da Twitter da Buhari ya rufe wata bakwai, da dokarmu ta laifukan intanet ta 2019 wadda aka cire mata ɗauri kan ɓata suna a 2022, aka maido shi a 2024.

Kowa da gaskiya tai, ni dai hankalina ya koma wurin aiki.

Kwanaki wata baiwar Allah ta zo aka yi mata analiz, sakamakon bai yi daɗi ba, irin ciwon da mutum bai son ko uwarsa ta ji. Ƙanen mijinta da ya rako ta, wallahi da kyakkyawar niyya, ya karɓi takardar ya ɗauke ta hoto ya jefa cikin gurup ɗin dangi wai a haɗa kuɗin magani. Sunanta na jiki, shekarunta, unguwarsu, sunan ciwon, komai. Kafin magariba kishiya ta sani, maƙwabta sun sani, wata har vokal ta yi mata na jaje. Matar nan wata biyu ba ta dawo karɓar magani ba, sai da muka aika aka lallaso ta. Da na ce masa Malam don Allah mi ya kai ka, sai ya ce ai ance WhatsApp a kulle yake ba mai gani. E a kulle yake a hanya, kamfanin ma bai karanta saƙon, amma mutum arba'in da ka tura wa fa, wa ya kulle hannunsu?

Mu ma'aikata ma ba mu fita ba. Nawa ne cikinmu ke ɗaukar hoton rajista ko na yaro mai tamowa, haƙarƙari waje, a tura wa na sama don rahoto, uwar tana zaune ba a ko tambaye ta ba? Hoton ya kwana cikin salula, salula ta lalace a kai gyara, ko a saida ta kasuwa ba a goge ba.

Abin da da yawa ba su sani ba, Nijar na da dokar kare bayanan mutum tun 2017, aka sake sabuwa a 2022, kuma aka kafa hukumar kare bayanan mutane a Yamai mai suna HAPDP don karɓar ƙorafi. Bayanin lafiya na cikin waɗanda doka ta fi tsarewa, ba a yawo da shi ba da yardar mai shi ba. Ni ra'ayina a ƙarfafa hukumar, a bar ta ta yi aikinta ba sa hannun 'yan siyasa, kuma a fassara dokar da Hausa a rediyo, don Faransancin da ke cikinta ko mu da muka yi lakwal sai mun yi gumi.

Kafin nan, in 'yan proje sun zo suna rubuta suna da lamba da dangwala yatsa, Inna kina da ikon tambaya su wane ne, mi za su yi da shi, ina za su aje, ba rashin kunya ba ne. Kar ka ba wani kartinka ya yanki pus da sunanka, in ya yi ɓarna kai jandarma za su nema. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa kar ka karanta wa kowa, ko ya rantse daga gidan likita yake kira, mu ba mu tambayar kod. In dole sai ka tura ordonas a sayo magani, naɗe wurin sunan ko ka ɗora babban yatsa a kai, ka tura wa mutum guda, kuma ka tambayi maras lafiyar tukuna.