Ba da nauyi ake jera sinadarai ba

An daɗe ana cewa nauyin ƙwayar zarra ne ke ba kowane sinadari gurbinsa a jadawalin sinadarai. Maganar tana da tushe, don jadawalin da aka fitar a shekarar 1869 da nauyi aka tsara shi. Amma na yanzu yawan furoton yake bi, wato wasu ƙananan ƙwayoyi da ke tsakiyar zarra, waɗanda yawansu shi ne lambar sinadari.

Ku buɗe littafin kimiyya ku duba: agon lambarsa 18, nauyinsa 39.9, fotasiyam kuwa 19 ne, nauyinsa 39.1. Agon ya fi nauyi, duk da haka shi ne a gaba. Da nauyi aka bi, da fotasiyam mai kama wuta cikin ruwa ya faɗa rukunin niyon, iskar da ba ta haɗuwa da komai. Amma ilektron (ƙwayar da ke kewaya tsakiyar zarra) ɗaya tak ke zagayen waje na fotasiyam, kamar sodiyam, shi ya sa suke rukuni na 1.

Don Allah ku tura wa ɗalibai da malamai.