Ma'anar DRM, Makullin da Ke Cikin Na'urar Wasa

Duk mai bin muhawarar da ake tafkawa kan na'urorin wasan bidiyo irin su PlayStation da Xbox da Nintendo Switch zai riƙa cin karo da haruffan DRM. Taƙaitaccen suna ne na tsarin da ke tsare haƙƙin mallakar kayan dijital, amma a aikace makulli ne da kamfani ke dasawa cikin wasa ko cikin na'ura, wanda ke ƙayyade wa mai wasa na'urar da zai buga a kai, da ko sai da intanet, da ko zai iya ara wa wani ko ya sayar. Hujjar kamfanoni ita ce kare kansu daga masu kwafin wasanni ba bisa ƙa'ida ba, kuma hujjar tana da gaskiyarta. Abin da ke ɓata wa mutane rai shi ne ɓarawon fasaha yakan sami hanyar fasa makullin, wanda ya biya kuɗinsa kuwa shi ake bari a ɗaure.

Tushen rigimar yana cikin kalmar "saya". Idan mutum ya danna maɓallin saye a shagon intanet na na'urarsa, abin da ya samu izinin amfani ne, wato lasisi, kuma wanda ya ba da izini yana iya janye shi. Wannan ne ya sa jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa doka, wadda ta fara aiki a 2025, da ta wajabta wa shaguna su fayyace wa mai saye cewa lasisi yake biya.

Ba yau aka fara wannan takun saƙa ba. A 2013 Microsoft ya sanar cewa Xbox One za ta buƙaci haɗuwa da intanet sau ɗaya a duk awa 24, tare da taƙaita sayar da faifan da aka riga aka yi amfani da shi. Jama'a suka yi ca a kansa, Sony ya fito da PlayStation 4 a kan dala 399 alhali Xbox One tana dala 499, kuma tun kafin na'urar ta shiga kasuwa Microsoft ya janye sharuɗɗan. Amma abin da aka ƙi a wancan lokaci ya dawo a hankali ta wata ƙofa. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe sabar wasan tseren motoci The Crew, wato kwamfutocin kamfanin da wasan ke haɗuwa da su ta intanet, sai wasan ya daina buɗewa kwata-kwata, har ga wanda faifan yake hannunsa. Daga nan ne fafutukar Stop Killing Games, wato "a daina kashe wasanni", ta taso, wadda a 2025 ta tara sa hannu fiye da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai.

Sabon salon da ya fi damuna shi ne na Switch 2, wadda ta fito a Yunin 2025. Wasu wasanninta suna zuwa cikin kwali mai hoto, da ɗan kati da za ka zura a na'ura kamar yadda aka saba, amma babu wasan a cikin katin. Mabuɗi ne kawai da zai ba ka damar sauke shi ta intanet. Ana iya ara shi ko a sayar, wannan gaskiya ne, sai dai ranar da aka rufe sabar, wanda bai riga ya sauke ba ya rasa abin bugawa. A 2025 ɗin kuma yarjejeniyar masu amfani ta Nintendo a Amurka ta ba kamfanin ikon hana na'ura aiki idan mai ita ya karya sharuɗɗa.

Ban ga laifin wanda ya saya ba, muddin ya san haya yake biya da sunan saye. Ni dai kafin in ba da kuɗina sai na juya bayan kwalin na karanta ko wasan gaba ɗaya yana cikin faifai ko kati, da kuma ko zan iya buga shi ni kaɗai ba tare da intanet ba.