Laxton (ƙauye a Ingila)

Laxton ƙaramin ƙauye ne a gundumar Nottinghamshire, a tsakiyar Ingila, kusa da garuruwan Ollerton da Tuxford. Mutanensa 'yan ɗaruruwa ne. Sunansa ya fito a kundin ƙidayar filaye na Domesday na shekarar 1086, kuma a arewacinsa har yanzu akwai tudun tsohuwar ganuwar Normawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi. Amma abin da ya fito da sunansa noma ne: nan kaɗai ne a Ingila ake ci gaba da noman buɗaɗɗun filaye irin na da, ƙarƙashin kotun ƙauye mai ikon cin tara.

Filaye uku ne manya: Mill Field, West Field da South Field. Babu shinge a cikinsu. An yanka kowanne ziri-ziri, kuma kowane manomi yana da rabo a warwatse a duka ukun, don kada wani ya kwashe ƙasa mai kyau shi kaɗai. Gidajen manoma da wuraren dabbobinsu suna cikin gari, a jere bakin titi. Shuka tana zagayawa shekara uku: fili ɗaya alkamar hunturu, na biyu shukar bazara kamar sha'ir ko wake, na uku a hutar da shi.

A ƙarni na 18 da na 19 aka tattara yawancin filayen Ingila aka kewaye su da shinge, Laxton kuwa bai shiga ciki gaba ɗaya ba. Taswirar da Mark Pierce ya zana a 1635, wadda ke ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, ta nuna ziri sama da 2,000. A farkon ƙarni na 20 an haɗe su suka zama manya kuma kaɗan. Gidan Manvers, iyalin da suka mallaki filayen ƙauyen, ya sayar wa gwamnati ƙasar a 1952, Crown Estate, hukumar da ke kula da kadarorin masarautar Birtaniya, ta karɓa a 1981, sannan ta koma hannun masu Thoresby, tsohon gandun gidan Manvers, a 2020.

Kotun ce ke riƙe da tsarin. A ƙarshen Nuwamba, mutum 12 daga cikin manoma, tare da shugabansu, suna zaga filin da ya huta aka shuka masa alkama. Suna duba iyakoki, suna kafa turakun itace inda aka goge alama. Laifin da aka fi samu shi ne garma ta ci hanya ko ta shiga ciyawa, sai barin lambatu ya toshe. Bayan mako guda kotu ta zauna a mashayar Dovecote ta tabbatar da tara. Kuɗin ba su da yawa, amma a gaban maƙwabta ake kiran sunan mai laifi. Dokar 1977 da ta karɓe ikon shari'a daga irin waɗannan kotuna ta bar wa ta Laxton ikonta.

Wuraren da ruwa ke kwanciya, waɗanda ake kira sikes, ba a noma su. Ana yin gwanjon ciyawarsu kowace shekara, kuma doka tana kare su saboda furannin daji da suka ɓace a wasu wurare. Feshin maganin ciyawa da iska ke kaɗowa daga gona yana lalata su.

Babbar damuwa a yau ita ce riba. Gonakin ƙanana ne, manyan injunan noma ba sa juyawa da sauƙi a ziri, manomi kuma ba shi da ikon shuka abin da ya ga dama a lokacin da ya so. Shi ya sa tsarin ya dogara sosai ga mai ƙasa da ya yarda ya ci gaba da ba mazauna ƙauyen haya.