Iyafis Mai Igiya na Cikin Kunne

Iyafis mai igiya na cikin kunne ɗan ƙaramin abin sauraro ne da ake cusa bakinsa cikin ramin kunne, robar da ke bakin ta toshe ramin ruf, sauti kuma ya riƙa iso masa ta igiya daga waya, kwamfuta ko na'urar gem. A jikin kwali akan rubuta masa haruffan IEM. Ya bambanta da irin wanda ke zama a bakin kunne kawai ba tare da ya toshe shi ba, kamar farin nan da Apple ya fitar tare da iPod a 2001, ya kuma bambanta da hedifon mai rufe kunne duka. Ba ya buƙatar batir ko caji, kuma sautinsa ba ya makara, shi ya sa mawaƙa, masu haɗa sauti da 'yan gem ba su rabu da shi ba duk da yaɗuwar na Bluetooth.

Asali

Tushensa biyu ne: na'urar taimaka wa masu matsalar ji, da dandamalin waƙa. Kamfanin Etymotic Research na Amurka, wanda Mead Killion ya kafa a 1983, ya fara ne da kayan gwajin ji, sannan a 1991 ya fitar da ER-4, ɗaya daga cikin na farko da aka sayar wa jama'a mai shiga can cikin kunne. A ɓangaren waƙa kuwa, matsalar ita ce makaɗi ba ya jin kansa a kan dandamali saboda ƙarar manyan sifiku da ihun 'yan kallo. A 1995 Jerry Harvey, mai kula da sautin ƙungiyar Van Halen, ya haɗa wa makaɗin gangarsu Alex Van Halen iyafis da aka ƙera daidai da siffar kunnensa, kuma daga wannan aiki kamfanin Ultimate Ears ya samo asali. Shure, Westone da Sennheiser suka faɗaɗa kasuwar. Abin da ya karya farashi shi ne shigowar masana'antun Sin, yawancinsu a Shenzhen da Dongguan, da sunaye irin su KZ, 7Hz da Truthear, sai Moondrop da ke Chengdu.

Abin da ke ciki

A cikin kowane kunne akwai 'yar sifika ɗaya ko fiye. Wadda aka fi sani ita ce mai fata da maganaɗisu, wadda ake rubuta wa DD: siririn zaren jan ƙarfe ne aka naɗe aka manna a bayan wata fata mai laushi, idan lantarki ya bi zaren sai maganaɗisu ya riƙa tura fatar gaba da baya, kamar yadda fatar ganga ke kaɗa iska. Faɗinta yakan kama daga milimita 6 zuwa 12, kuma tana fitar da amo mai kauri da jiki. Ta biyu, mai alamar BA, daga na'urar taimakon ji aka aro ta. Wani ɗan harshen ƙarfe ne ke rawa tsakanin maganaɗisu biyu, a cikin akwatin da bai fi ƙwayar shinkafa girma sosai ba, don haka ana iya jera uku, biyar ko fiye a kunne guda. Knowles na Amurka da Sonion na Denmak ne suka yi fice wajen ƙera ta. Akwai ta uku mai shimfiɗaɗɗiyar fata da aka zana wa hanyar lantarki a jikinta, wadda ta samu karɓuwa bayan fitowar 7Hz Timeless a 2021. Wasu kamfanoni na gauraya su, su ba kowace sifika nata rabon sautin.

Yawan sifiku ba shi ne kyan sauti ba. Sennheiser IE 900, wanda ya fito a 2021 a kan dala kusan 1,300, sifika ɗaya tak gare shi a kowane kunne, alhali akwai masu biyar-biyar da ba su kai kashi ɗaya cikin ashirin na wannan kuɗi ba. Sifiku da yawa da ba a daidaita su ba kamar makaɗa ne da kowa ke nasa kiɗi.

Roba da toshewar kunne

Abin da ya fi kome arha a cikin kwalin shi ya fi kome tasiri. Iyafis na cikin kunne yana aiki ne a kan 'yar iskar da ta maƙale tsakanin bakinsa da dodon kunne. Idan robar ba ta toshe ramin sosai ba, iskar ta sami mafita, amon ƙasa shi ne farkon gudu, sai mutum ya ji waƙa ta zama fayau kamar daga gwangwani take fitowa. Da yawan waɗanda ke cewa sabon iyafis ɗinsu ba shi da bes, wato amon ƙasa, robar ce ta yi musu kaɗan. Shi ya sa ake sako girma uku ko fiye, kuma ba abin mamaki ba ne kunnen dama ya buƙaci girman da ya bambanta da na hagu. Gwajin mai sauƙi ne: idan toshewar ta yi, hayaniyar waje za ta ja baya tun kafin a kunna kome, mutum kuma ya ji muryarsa ta yi kauri a cikin kansa.

Robar silikon ta fi daɗewa kuma ana wanke ta. Ta soso ana matse ta a saka, ta kumbura ta cika ramin. Ta fi tare hayaniya, tana ɗan rage kaifin sauti, amma tana shan datti da gumi, cikin 'yan watanni sai an sauya. Mai hawa uku irin ta Etymotic tana shiga zurfi, kamfanin yana cewa tana rage ƙarar waje da desibel 35 zuwa 42 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), sai dai ba kowane kunne ke jure ta ba. Faɗin bakin iyafis ɗin ma abin dubawa ne, domin mai ƙaramin ramin kunne zai wahala da baki mai kauri. Iyafis ɗin da ke sa ciwo bayan rabin awa ba shi da amfani ga mai zaman gem na awa uku, kome daɗin sautinsa.

Daidaiton sauti

Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, wato 20 Hz zuwa 20 kHz, kuma saman wannan iyaka yana raguwa da shekaru. A ƙasa akwai rugugin babbar ganga da gitar bes. A tsakiya akwai muryar mutum, goge, kalangu da algaita. A sama akwai kacau-kacau, da shewar haruffan "s" da "sh". Yadda kamfani ya raba ƙarfi tsakanin waɗannan sassa uku shi ne halin iyafis, kuma ya fi irin sifikar da ke ciki muhimmanci.

Daidai a nan ba yana nufin kowane sashe ya zo da ƙarfi ɗaya ba. Ramin kunne, mai tsawon santimita 2.5 ko kusa da haka, tare da ganyen kunne, yana ƙara wa sautin da ke wajen 3 kHz ƙarfi kafin ya isa dodon kunne. Da an toshe ramin wannan ƙari ya tafi, dole iyafis ya maido da shi da kansa, in ba haka ba muryoyi su dushe. Idan kuma ya wuce gona da iri, sai mawaƙi ya zama kamar yana yi wa mutum tsawa. Sean Olive da abokan aikinsa a kamfanin Harman sun yi gwaje-gwaje da masu sauraro da ba su san wane iyafis ke kunnensu ba, suka fitar da ma'aunin da yawancin mutane suka fi so, wanda aka sabunta na cikin kunne a 2019: bes mai ɗan ɗagawa can ƙasa, tsakiya mai tsabta, da wancan tudu na wajen 3 kHz. Kamfanoni da yawa sun bi shi ko sun yi kusa da shi, ko da yake wasu masu sauraro na ganin ya yi kaifi. Yawancin masu arha na da kuwa suna cika bes da kaifi su danne tsakiya, abin da ke burge mutum a minti biyun farko a shago, ya gajiyar da shi daga baya. Mai sauraron karatu, wa'azi ko waƙar da baitinta ne abin nema, tsakiyar ce tasa.

Fayil ɗin da ake saurare ma yana da nasa rabo. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 mai kyau 320, wanda aka matse aka yi ta turawa kuwa yakan sauka 128 ko ƙasa. Iyafis mai kyau ba ya gyara matsattsen fayil, sai ma ya tona masa asiri.

Wasan gem

Fa'idar igiya ta farko ita ce lokaci. Bluetooth sai ya dunƙule sauti, ya aika, a kwance shi a ɗaya ɓangaren, kuma da tsarin SBC da aka fi amfani da shi wannan kan ci milisakan 150 zuwa 250 (milisakan 1,000 ne daƙiƙa ɗaya). A gem mai sauya hoto sau 60 a daƙiƙa, milisakan 200 hoto 12 ke nan. A PUBG Mobile, Free Fire, Call of Duty: Mobile ko Counter-Strike 2, wannan ya isa a harbi mutum kafin ya ji takun wanda ya harbe shi. Igiya ba ta ƙara jinkirin da kunne zai iya lura da shi.

Ta biyu ita ce gane inda sauti ya fito. Ƙwaƙwalwa tana gane dama da hagu ne ta bambancin ƙarfi da na lokacin isowa tsakanin kunnuwa biyu, bambancin da bai kai milisakan ɗaya ba. Gaba da baya, sama da ƙasa kuwa, lanƙwasar ganyen kunne ce ke nuna su. Iyafis na cikin kunne yana tsallake ganyen, don haka manhajar gem ɗin ce ke kwaikwayon aikinsa ta lissafin da ake kira HRTF, wanda aka sa wa Counter-Strike: Global Offensive a 2016, kuma irinsa ne ke cikin Dolby Atmos da sautin Tempest na PlayStation 5. Aikin iyafis shi ne kada ya ɓata wannan lissafi: kunnuwan biyu su zo da ƙarfi ɗaya, bes kada ya yi yawan da rugugin gurneti zai binne taku da ƙarar sauya harsashi. Rubutun "7.1" a kwalin iyafis maganar manhaja ce ko ta talla, domin hanyoyin sautinsa biyu ne kawai, hagu da dama. Haka ma kalmar gem a jikin kwali, sau da yawa makirfo ne da launi mai walƙiya. Iyafis da aka daidaita da kyau don waƙa yakan yi gem ba tare da wata matsala ba. A manyan gasanni akan ga 'yan wasa da iyafis a kunne da kuma hedifon a kai: na cikin ne ke kawo sautin gem, na saman yana tare ihun zaure.

Inda yake da rauni shi ne faɗin fili. Sauti yakan zama kamar a cikin kai yake, ba kamar na hedifon mai buɗaɗɗen baya ba.

Igiya da kafa

Kan igiyar da aka saba da shi mai milimita 3.5 ne. Mai zobe biyu sauti kawai yake ɗauka, mai zobe uku yana da hanyar makirfo. Wajen jera hanyoyin da ke kan igiyar, yawancin wayoyin yanzu suna bin tsarin CTIA, tsofaffin Nokia da wasu kuwa OMTP suka bi, kuma idan aka gauraya su murya kan yi nisa kamar daga rijiya. Kwamfutar tebur mai kafa biyu, kore da ruwan hoda, tana buƙatar 'yar igiyar da ke raba sauti da makirfo. Apple ya cire kafar milimita 3.5 daga iPhone 7 a 2016, manyan wayoyin Samsung da na Google suka bi baya, amma da yawan wayoyin Tecno, Infinix da itel suna da ita har yanzu. Wayar da ba ta da kafar sai da ɗan mahaɗin USB-C (ko na Lightning a tsofaffin iPhone), kuma gara mai DAC a ciki, wato guntun da ke mai da lambobi sauti, domin marar shi ba ya aiki a wayoyi da yawa.

Igiya ce ke fara mutuwa, yawanci a gindin kai ko inda ta shiga kunne. Saboda haka mai cirarriyar igiya ya fi, ko mai fil biyu na milimita 0.78 ko mai MMCX da ke juyawa. Zagaya ta ta bayan kunne yana rage ƙarar gogarta da riga. Igiyoyin azurfa masu tsada sun fi kyan gani da taɓawa, amma awo ba ya nuna wani sauyin sauti na a zo a gani.

Lambobin kwali da farashi

Yawancin irin wannan iyafis suna da turjiyar lantarki ta om 16 zuwa 32, da ƙarfin ji sama da desibel 100, don haka waya ta ishe su ba sai da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ba. Masu saurin ji sosai ma sukan fito da wani shuuu a kafar da ba ta da tsabta, abin da mahaɗin USB-C mai kyau ke magancewa. Tambarin Hi-Res yana nufin sifikar ta kai 40 kHz, ninki biyu na abin da ɗan Adam ke ji. Shure SE215 na 2011, mai dala kusan 100, ya daɗe a matsayin matakin shiga. A 2022 Moondrop Chu da 7Hz Salnotes Zero suka fito a wajen dala 20 da daidaiton sautin da a da sai masu tsada. Daga nan zuwa sama ana samun ƙarin tsabta da ingancin ƙira, sai dai ƙarin ba ya tafiya daidai da ƙarin kuɗin. Sanannun samfura kuma suna da jabu.

Lafiyar kunne da kulawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro ga babba a desibel 80 na awa 40 a mako, ga yaro desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, wato a desibel 89 awa 5 ne kacal a mako. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne ba sa sake tsirowa idan sun mutu, kuma ƙarar "wiii" bayan cire iyafis alama ce ta an wuce iyaka. Toshewa mai kyau tana taimakawa, tun da ba sai an ƙure murya don a rinjayi janareta ko hayaniyar kasuwa ba, amma ita ce kuma ke hana mai tafiya a gefen titi ko mai tuƙa babur jin hon.

Dattin kunne da ƙura suna toshe 'yar ragar da ke bakin iyafis, kuma shi ne dalilin da ya fi yawa idan kunne ɗaya ya rage murya. Akan cire robar a wanke ta da ruwa da sabulu, a bar ta ta bushe, a share ragar da busasshen buroshi mai laushi, bakin yana kallon ƙasa don kada dattin ya faɗa ciki. A wayoyin da ke da rediyon FM, igiyar ce eriya, shi ya sa rediyon ba ya buɗewa sai an jona iyafis.