Ma'anar "damben da ba shi da izini" a idon doka

Idan aka ce an yi damben da ba shi da izini, ana nufin karawar da aka shirya, aka tara 'yan kallo, wani lokaci har aka sa kuɗi, ba tare da hukumar da ke kula da wasan ta amince ba. Kalmar ta shafi damben boksin, da damben gauraya da ake kira MMA, da na hannu tsirara. Tambayar da ke ƙarƙashinta tsohuwa ce: me ya sa naushin da zai kai mutum gaban alƙali idan ya yi shi a kasuwa yake zama abin tafi a cikin fili?

Da yawa za su ce ai 'yan damben dukansu biyu sun yarda. Kotunan Ingila sun daɗe da ƙin wannan amsa. A shari'ar Coney ta 1882, wadda ta taso daga wani damben hannu tsirara da aka yi a kusa da Ascot, alƙalai sun yanke cewa irin wannan karawa laifin duka ce ko da 'yan damben sun amince, sai dai tsayawa kallo kaɗai bai isa a kama mutum da taimaka wa laifi ba. A 1981 kotun ɗaukaka ƙara ta sake jaddada haka a kan wasu samari biyu da suka yarda su raba gardama da naushi a titi, amma ta keɓe wasannin da ake gudanarwa bisa tsari. Wato abin da ke kare ɗan dambe shi ne tsarin da ya kewaye shi: alƙalin wasa mai ikon tsayarwa, da awon nauyi, da iyakar turmi, da likita a bakin fili.

A nan ake yawan ruɗewa, domin rashin lasisi da karya doka ba koyaushe suke zama abu ɗaya ba. Hukumar boksin ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1929, ƙungiya ce mai zaman kanta, saboda haka wasan da ba ta sa wa hannu ba bai zama laifi don wannan dalili kaɗai ba. A Amurka kuwa hukumomin jihohi ne ke ba da izini, kuma dokar tarayya ta 1996 ta wajabta gwajin lafiya, da likita a wurin, da motar asibiti ko ma'aikatan ceto, da inshora. Mai shirya wasan da ya taka ta da gangan yana iya shan ɗaurin shekara ɗaya. Iyakar da doka ta shata ma tana canzawa: jihar New York ta haramta MMA na ƙwararru a 1997, ta halatta a 2016, Faransa kuma sai a 2020.

Ni a ganina, wanda ya kamata doka ta fi riƙewa shi ne mai shirya wasa, wanda ke karɓar kuɗin ƙofa, ba saurayin da talauci ya sa ya ɗaura safar hannu ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan damben gargajiya ya ga yadda ake yayyafa wa wanda aka kayar ruwa, ana masa fifita har ya miƙe, ya san cewa zubar jini a cikin ƙwaƙwalwa ba ya bayyana a fuska nan take. Izinin ma ba ya wanke hukuma daga alhaki: Michael Watson, wanda ya samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa a karawarsa da Chris Eubank a 1991, ya kai hukumar boksin ta Birtaniya ƙara saboda ƙarancin kulawar likita a bakin fili, kuma kotu ta ba shi gaskiya.